Kama da wane ba ta wane: Yadda ɗan huji ɗaya ya cinye mana kwana tara na shuka a Fashaga

A Fashaga, idan ruwa ya sauka sosai a watan Yuli, 'yan kwanaki kawai manomi yake da su. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani tana tsagewa har ƙafar akuya ta shige, da damina kuwa in ta sha ruwa ta ƙoshi, babu taraktar da za ta iya taka ta. A tsakanin waɗannan biyun ne ake gaggawar shuka riɗi da dawa. Wanda ya makara, sai dai ya kalli gonar maƙwabci.

A daminar da ta wuce mu ne muka makara, kuma da hannuna na sayo abin da ya makarar da mu.

Taraktar kawuna ce, gida uku ne muke dogara da ita. Kafin faɗuwar damina aka kai ta wurin wani makanike a Shuwak, wanda kowa ke kira Usta kamar yadda ake kiran gwanayen sana'a a nan Sudan. Ya sa mata sabon turbo, sannan ya ce notin da ke ɗaure bututun baƙin mai a kan turbon ya cinye, sai an sake shi. Noti ne mai rami a tsakiya da ɗan huji a gefe, ta nan mai ke bi ya shiga. Aka tura ni kasuwar Gadarif. Na tarar da iri biyu: ɗaya a cikin kwalinsa, kuɗinsa ya kusa ninka na ɗayan sau uku, ɗayan kuma a zube cikin leda. Na fito da tsohon daga aljihu na jera su a tafin hannu. Tsawo ɗaya, kai ɗaya, zare ɗaya. Na ɗauki mai arahar, har ina yi wa kaina kirarin iya ciniki.

Ranar aiki ta huɗu da hantsi, taraktar ta fara wani irin fito, hayaƙi mai shuɗi ya turnuƙe, ƙarfinta ya tafi. Da Usta ya kwance turbon, sandar da ke tsakiyarsa ta ƙone har ta canja launi. Kwana tara muka yi kafin a samo wani. Kafin nan ruwa ya rufe gona. Rabin filin da muka ware wa riɗi, dawa muka zuba masa daga baya.

Gwajin kofin shayi

Akwai ɗan kawuna da ya girme ni, injiniya ne da ya yi shekaru yana aiki a wata tashar wutar lantarki mai injin gas a arewacin Khartum, har yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro shi gida da iyalinsa. Bashmuhandis ake ce masa, ni kuma Yaya nake kiransa. Da dare muna zaune a tsakar gida kowa na faɗin albarkacin bakinsa, wani ya ce man ne ba kyau, wani ya ce direba ne ya matsa mata. Shi bai ce uffan ba, sai ya ce in kawo masa notin biyu, tsoho da sabo.

Ya samu gorar ruwa ta roba, ya huda murfinta, ya ɗaura tsohon notin a ciki, ya cika ta da man dizil ya kifa a kan kofin shayi. Ya ce in duba agogon wayata. Kofin ya cika. Ya sake yin haka da sabon. Sai da ya ɗauki kusan ninki biyu na lokacin.

Ya haska tocila a cikin hujin ya miƙo mini. Hujin ya ɗan fi na tsohon ƙanƙanta, kuma wani ɓarɓashin ƙarfe da abin huda ya turo ya lanƙwashe a bakinsa daga ciki.

"Ƙanena, ka duba tsawo, ka duba kai, ka duba zare," in ji shi. "Amma duk aikin wannan notin yana cikin wurin da ba ka duba ba."

Turbo ƙaramar farfela ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska cikin inji. Tana iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma sandarta a kan ɗan siririn shimfiɗin mai take yawo. Man nan aiki biyu yake yi: yana hana ƙarfe gogar ƙarfe, yana kuma kwashe zafi. Namu ya riƙa samun wajen rabin abincinsa, ya daure kwana uku, a na huɗu ya sallama.

Yaya ya ce wannan gwajin na wasa da muka yi, irinsa ake yi da na'urori masu tsada a masana'antun da ke ƙera injin jirgin sama. Daga wannan daren na shiga tambaya da karatu, kuma abin da na fahimta shi nake so in raba da mai karatu.

Ƙarfen da ke aiki cikin wutar da ta isa narkar da shi

Tarbain suna ne na duk wata farfela mai fukafukai da ruwa, ko tururi, ko iska mai zafi ke turawa ta juya. Mafi girma a kusa da mu suna madatsar ruwa ta Atbara ta Sama da Setit, wadda aka buɗe a 2017, mai ƙarfin megawat 320. Waɗannan ruwa ke juya su, ba su da matsalar ƙuna. Masu matsalar su ne na injin jirgin sama da na tashoshin wuta masu ƙona gas ko mai, irin na Garri da ke arewa da Khartum, da irin guda biyar da aka ƙulla cinikinsu da kamfanin Siemens a 2016 domin Garri da Port Sudan.

Aikin irin wannan inji hawa uku ne. Kwamfuresa ta zuƙo iska ta matse ta. A fesa mai a kunna wuta. Iskar da ta ƙone ta fito da ƙarfi ta bugi fukafukan tarbain. Gwargwadon zafin iskar nan, gwargwadon ƙarfin da za a samu daga kowace litar mai. Shi ya sa masu ƙira suka yi ta ɗaga zafin, har a manyan injinan yau yana haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos. Su kuwa fukafukan, da haɗin ƙarfen nikel ake yin su, wanda ke fara narkewa a wajen digiri 1,300 da 'yan kai.

To yaya ba sa narkewa? Cikinsu ba a cike yake ba. Kowane fiffike yana da hanyoyi masu lanƙwasa a ciki kamar gidan gara. Ana ɗebo wani kaso na iskar kwamfuresa kafin ta kai wurin wuta, a tura ta cikin hanyoyin nan. Iskar da ake kira mai sanyaya ɗin ma takan kai digiri 600, amma in an kwatanta da abin da ke waje, sanyi ce. Bayan ta zagaya ciki sai ta fito ta ƙananan kafofi masu yawa da ke jikin fiffiken, galibinsu faɗinsu bai kai milimita ɗaya ba, ta kwanta a kan ƙarfen kamar mayafi, ta raba shi da wuta. A waje kuma akwai wani siririn shafe na tangaran da ke rage shigar zafi.

Iskar nan ba kyauta ba ce. An kashe mai wajen matse ta, kuma duk wadda aka karkatar don sanyaya ba ta yi cikakken aikin turi ba. A wasu injinan tana kai kashi ɗaya cikin biyar na iskar da ke bi ta tsakiyar inji. Saboda haka mai zane ba ya ba fiffike iska fiye da buƙatarsa. Yana auna masa daidai, kamar uwar gida da ke auna hatsi a shekarar fari.

Inda bambancin ke shigowa

Abin da ya ba ni mamaki shi ne hanyar ƙera su ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Zubin kaki ne, dabarar da aka yi kawunan tagulla na Ife da Benin da ita, wadda maƙeran azurfa na Agadas ma suka san ta. A siffanta abu da kaki, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa.

A masana'antar fukafukai, ana fara yin wata 'yar siffa ta tangaran mai kamannin hanyoyin cikin. A kewaye ta da kaki, a lulluɓe, a gasa, a zuba ƙarfe. Bayan ya huce a narkar da tangaran ɗin cikin da sinadari, sai hanyoyin su bayyana a gurbinsa. Daga nan a huda kafofin waje da hasken leza ko da tartsatsin lantarki, sannan a yi shafen.

Kowane mataki yana barin ɗan nasa kuskure. Siffar tangaran tana ɗan tsukewa wajen gashi, kuma ba kullum daidai ba. Tana iya gocewa kaɗan lokacin da ƙarfe ke kwarara, sai bango ɗaya ya yi kauri, ɗaya ya yi sirara. Leza tana iya barin bakin huji ya fi ƙarshensa faɗi, ko ta bar narkakken ƙarfe ya daskare a gefe, kamar ɓarɓashin notina. Shafen waje shi ma yana ɗan shiga bakin kafofi ya rage su. Babu masana'antar da ke fitar da abu biyu daidai wa daida. Abin da injiniya ke yi shi ne ya rubuta iyakar kuskuren da aka yarda da shi: kada ya wuce kaza sama, kada ya wuce kaza ƙasa.

Ga lissafin da Yaya ya zana mini a ƙasa da tsinke. A ce faɗin huji rabin milimita ne. A ce an yi kuskuren milimita 0.05, wato kamar kaurin siririn gashin kai. A faɗi, kashi 10 cikin 100 ke nan. Amma iska ta filin hujin take bi, shi kuwa fili da faɗi sau faɗi yake tafiya. Idan hujin ya ƙaru da kashi 10, filinsa ya ƙaru da kashi 21. Idan ya ragu da kashi 10, fili ya ragu da kashi 19. Wato kuskuren da ido ba ya gani yana iya ɗauke kusan kashi ɗaya cikin biyar na hanyar iska.

Shi kuma ƙarfe ba ya yafe zafi. Fiffiken yana juyawa dubban sau a minti, ƙarfin juyin yana jan sa waje, zafi yana tausasa shi, a hankali yana miƙewa har ya tsage. Ƙiyasin da injiniyoyin wannan fanni suka saba ambata shi ne ƙarin digiri 30 ko kusa da haka a jikin ƙarfen na iya rage rayuwarsa da rabi. Wani masani na kamfanin GE, Ronald Bunker, ya wallafa nazari a 2009 kan wannan batu takamaimai, wato yadda kurakuran da ke cikin iyakar da aka yarda da ita ke sauya zafin ƙarfe da tsawon rayuwarsa.

Kamar rabon ruwa a lambu

Na tambaye shi, to me zai hana a faɗaɗa kafofin duka a huta?

Ya yi dariya ya ce, "Ka manta lambun Baba a bakin Atbara?"

Duk wanda ya yi ban-ruwa ya san wannan. Famfo ɗaya, magudana ɗaya, fangali da yawa. Idan ka buɗe wa fangalin farko baki da yawa, na ƙarshe ƙishirwa zai kwana da ita. Haka kafofin fiffike suke: daga hanya ɗaya suke sha. Wadda ta yi faɗi tana satar rabon 'yan uwanta. Fukafukan da ke kan faifai ɗaya su ma, waɗanda sukan haura 60 a babban injin jirgi, daga tushe ɗaya ake ba su iska.

Akwai kuma wani abu. Idan iskar ta fito da ƙarfi fiye da kima, ba ta kwanciya a jikin ƙarfe. Sai ta yi tsalle ta shige cikin wutar, kamar ruwan da ya fito daga tiyo da ƙarfi ya tsallake shukar da ke gabansa. An yi asarar iskar, ƙarfen kuma ya zauna tsirara. Idan kuma matsin cikin fiffike ya faɗi ƙasa da na waje, wutar ce za ta kutsa ciki ta kafofin, wannan kuwa shi ne mafi muni.

Sannan inji ba ya jiran yawancin fukafukai su gaji. Guda ɗaya mafi rauni shi ke yanke ranar da za a sauke shi. Saboda haka masana'antun kirki ke hura iska cikin fiffike bayan an gama shi, a auna abin da ya wuce, a kuma leƙa kaurin bangonsa da hoton cikin ƙarfe ko da na'urar sauti. Wanda ya fita daga iyaka a gyara shi ko a ajiye shi gefe, ko da ido ya ce lafiyarsa ƙalau.

Ko sabuwar dabarar nan ta buga ƙarfe hawa-hawa da na'urar 3D ba ta kawar da matsalar ba. A 2017 Siemens ya sanar da cewa ya gwada fukafukan da aka buga ta wannan hanya a cikin inji mai cikakken aiki. Dabarar tana ba da damar zana hanyoyin da zubi ba zai iya ba, amma cikin hanyoyin yakan fito da kaushi. Kaushin yana taimakawa wajen kwashe zafi, yana kuma riƙe iska. Masu bincike irin su Farfesa Karen Thole, wadda ta daɗe tana wannan aiki a Jami'ar Penn State ta Amurka, sun nuna cewa siffar da aka zana a kwamfuta da wadda ta fito daga na'ura ba sa zama ɗaya.

Mu kuma ga ƙura

A ƙasashenmu akwai ƙarin abokin gaba. A nan habub muke ce wa guguwar ƙura, a Kano da Maraɗi kuma hazon hunturu ne. Ƙurar da ta tsallake matata tana bin iskar sanyaya ta taru a lunguna, wadda ta bi ta wuta kuma tana narkewa ta manne a jikin fiffike kamar gilashi. Hujin da aka haifa a tsuke shi ke fara toshewa. Yaya ya ce a tasharsu, lokacin habub idonsu ba ya barin ma'aunin matatun iska, domin matatar da ta yage yau, sai bayan watanni ake ganin ɓarnarta.

Manyan kamfanonin jirage ma suna kuka da haka. A bikin baje kolin jirage na Dubai a Nuwamban 2023, shugaban kamfanin Emirates, Tim Clark, ya fito fili ya koka cewa wani samfurin injin Rolls-Royce ba ya daɗewa kafin ya buƙaci gyara a yanayin zafi da ƙura irin na yankin Gulf.

Rai 469 da bututu ɗaya

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jirgin Qantas mai lamba 32. Ranar 4 ga Nuwamban 2010, jirgin ƙirar Airbus A380 ya tashi daga Singafo zuwa Sidni da mutum 469. Mintuna kaɗan da tashi, a saman tsibirin Batam na Indonesiya, ɗaya daga cikin injinansa huɗu ya tarwatse. Gutsattsarin faifan tarbain suka huda fiffiken jirgin, suka tsinke wayoyi da bututu. Matuƙan, ƙarƙashin Kyaftin Richard de Crespigny, suka yi ta fama har suka sauke shi lafiya a Singafo, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Ostareliya ya gano tushen abin. Wani ɗan guntun bututun mai ne aka rarake cikinsa a ɗan karkace wajen ƙira, gefe ɗaya ya yi sirara. Ya tsage, mai ya zuba ya kama wuta, wutar ta raunana abin da ke riƙe da faifan, ya yi gudun da ya wuce kima ya fashe. Daga baya aka sauke injina gommai daga jirage don a duba wannan bututun.

Da na karanta wannan sai na tuna tafin hannuna a kasuwar Gadarif. Bututun mai ne can, notin mai ne nan. Mu rabin gonar riɗi muka rasa.

Abin da kuɗin ke saya

Tun da yaƙi ya tarwatsa manyan shagunan Khartum, kayan gyara ta kowace kusurwa suke shigo mana, kuma mai saye ba ya da wanda zai koma wa. Ban ce duk mai araha jabu ne ba, ban kuma ce duk mai kwali na gaske ne ba, kwali ma ana buga shi. Kuma na san halin da aljihun manomi yake ciki. Amma yanzu na gane cewa bambancin kuɗin nan sau da yawa ladan awo ne. Wani ya zauna ya auna, ya zubar da waɗanda suka kauce, kuma kuɗin waɗanda aka zubar yana cikin farashin wanda aka sayar maka. Inda ba a auna ba, kai ne za ka yi gwajin, a gonarka, da injinka.

Don haka ga abin da muke yi yanzu a gidanmu. Duk wani abu da mai, ko ruwa, ko iska ke bi ta cikinsa, noti ne, bututu ne, bakin feshin magani ne, ba ma jefar da tsohon sai mun gwada shi da sabon. A haska tocila a leƙa ciki. A zura waya a ji ko akwai ɓarɓashi. In ya yiwu a yi gwajin gora da kofi. Bayan an ɗaura turbo, a tabbatar mai yana isa gare shi kafin a ɗora wa inji nauyi. Matatar iska kuwa, ba a jira sai ta toshe.

Kawu bai taɓa yi mini faɗa a kan notin ba. Abin da ya ce kawai, ranar da muke auna ɗan riɗin da muka samu, shi ne, "Ɗana, araha ba ta ado." Usta kuma ya karɓi dabarar. Kwanan baya na bi ta garejinsa a Shuwak, na ga gorar roba da kofin shayi a rataye kusa da sifanu, yana nuna wa wani yaronsa yadda ake riƙe agogo.